Kalmar da Na Jefi Inusa da Ita

Ranar Laraba a Kejetiya, ruwa na ɗiga daga kwano,
Inusa ya zo biɗar kuɗin ganyen goro, sidi arba'in.
Na ce masa: Kai dai Bayahude ne!
'Yan rumfa suka yi dariya, shi ma ya yi.
Jikata Sahura ta ɗago daga bakin huhu:
Kaka, ka taɓa ganin ko guda?

Shekara saba'in da uku, ban taɓa ba.
Kalmar gadonta na ci, tare da buta da carbin ubana.

Da dare a Aboabo wuta ta ɗauke,
ta haska littafinta da fitilar waya.
Ta ce bayan Rumawa sun rushe musu ɗakin ibada
sun ƙara watsuwa uwa duniya,
duk garin da suka sauka baƙi ne,
ko da kabarin kakansu ya girme wa ganuwar garin.
Yankansu daban, Asabar ba sa aiki,
kuma abin da ido bai saba ba, zuciya ƙulla masa sharri take.

Daga kan mumbarin majami'a
aka ɗora musu jinin Almasihu,
jariri ya faɗo da laifin abin da ko kakansa bai gani ba.
Aka hana su gona, aka hana su maƙera,
aka bar musu 'yar ƙofa: ba da rance.
Sarki ya ci bashinsu, ya tatsi gari ta hannunsu,
ran da talaka ya harzuƙa
sai ya nuna su da leɓe.
Ka ɗaure akuya a bakin rumbu,
gobe ka tara jama'a ka ce ga ɓarauniya.

Annoba ta sauka, aka ce sun sa guba a rijiya,
alhali su ma gawa suke ɗauka.
Yaro ya ɓata, aka ce sun yanka.
Ƙyalle rawaya a ƙirji,
unguwa mai ƙyaure da ake datsewa da magariba.
Can daga baya masu ilimin ƙarya suka zo da ma'auni,
suna awon hanci da ƙoƙon kai,
suka ce abin a jini yake, tuba ba ya wankewa.
Sai taragon jirgin ƙasa.
Sai hayaƙi.
Miliyan shida, in ji ta, ta rufe littafin.

Na ce: Wannan aikin Turawa ne.
Ta ce: Ba su kaɗai ba, Kaka.
Ko a Tuwat, kan hanyar ayari,
an taɓa rushe musu ɗakin ibada, da hannun masu alwala.

Na yi shiru. Sauro na kuka a kunnena.
Sai ga shekarar sittin da tara ta shigo ba sallama,
da aka ce baƙo marar takarda ya fita cikin mako biyu.
Lasisi tela, Bayarabe, cibiyarsa a Kumasi aka binne,
aka ce su suka shanye kasuwa.
Mu da ake kira 'yan Zango
muka laɓe bayan takardunmu, muna rawar ɗari da rana.
Ya sayar da kekensa kuɗin zakara biyu,
ya hau akori-kura zuwa garin da bai san hanyarsa ba.

Ban faɗa wa Sahura ba
cewa keken da kakarta ta ɗinka mata rigar suna da shi
ubana ne ya taya, bai ƙara ko kwabo ba.
Yana nan bayan ƙofa, an lulluɓe shi da tsumma.

Da safe na kai wa Inusa arba'in ɗinsa.
Na kira shi da sunan da uwarsa ta sani.
Ya ƙirga sau biyu, yadda ya saba,
kalmar ta taso mini har maƙoshi,
tsohuwa, mai santsi, ta san hanya.
Na ɓara goro, na danne ta da ɗaci.